Tambayar Baba da kalmomi tara na Luka

Ran wata Laraba ce cikin Agusta, marka ta hana mutane fitowa, mu goma sha ɗaya ne kacal a nazarin yamma. Ni nake jagora a wannan watan, don fastonmu ya tafi taro. Muna cikin Luka sura 10, wurin da almajiran da Yesu ya aika bibbiyu suka komo da murna, suna cewa har aljanu ma suna yi musu biyayya saboda sunansa. Na karanta aya 18, wadda kowa ya haddace tun a makarantar Lahadi: ya ce ya ga Shaiɗan ya faɗo daga sama kamar walƙiya. Na zuba bayani yadda na saba, cewa wannan faɗuwa ce ta tun fil'azal, tun ba a halicci Adamu ba, lokacin da girman kai ya sa aka koro shi. Har na ƙara gishiri, na ce nahawun Helenanci ma ya tabbatar da haka. Na faɗa da ƙarfin gwiwa ne don na san ba mai ja da ni a ɗakin.

Akwai wani dattijo da ba ya fashi ko ana ruwan ƙanƙara. Manomi ne, ya haura saba'in, karatunsa na yaƙi da jahilci ne. Ya ɗaga sandarsa a madadin hannu.

"Malam, akwai inda ban gane ba. Ganinsa ya yi yana gangarowa, ko kuwa tarar da shi ya yi a ƙasa?"

"Ai Baba duk ɗaya ne."

"A'a ɗana, ba ɗaya ba ne. In na ce na ga akuyata ta faɗa rijiya, magana daban. In na ce na leƙa na gan ta a ciki, magana daban. Ta farkon, ina wurin."

Mata biyu suka yi dariya a baya. Ni kuwa na sha jinin jikina. Shekara goma sha shida ina koyar da Hausa a sakandare, ina cika allo da shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci, ga mutumin da bai taɓa jin kalmar aikatau ba ya ƙure ni a fagena. Helenancin da nake tinƙaho da shi kuwa zango biyu ne na kwas ɗin hutu a wata makarantar tauhidi a Jos, shi ma an kwana biyu. Na roƙe shi ya ba ni lokaci. Ya ce ba gaggawa, shi ma geronsa bai nuna ba.

A daren na sauko da Sabon Alkawarina na Helenanci daga saman kabad, bugu na 28 na Nestle-Aland wanda ya fito a 2012, na kaɗe masa ƙura. Malaminmu na Jos ya hore mu da abu guda: kada ka fassara jimlar da ba ka kwafa da hannunka ba. Na kwafe ta a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, na bar fili tsakanin kalmomin.

etheoroun ton Satanan hos astrapen ek tou ouranou pesonta

Kalmomi tara. Bakwai na tsakiya ba su tayar mini da hankali ba a ranar. Ton Satanan shi ne Shaiɗan, da alamar karɓau a ƙeyarsa, abin da masu nahawun Larabci za su kira mansubi. Wato shi aka gani, ba shi ya gani ba. Hos, kamar. Astrapen, walƙiya. Ek tou ouranou, daga sama. Gizo yana saƙarsa ne a kalmar farko da ta ƙarshe, gani da faɗuwa.

Na fara da ta ƙarshe, kuma a nan na yi abin kunya. Kusan rabin sa'a ina juya ƙamus ina neman wani aikatau wai peso, babu shi babu dalilinsa. Ashe pipto ne, aikatau mai sauya kama kamar hawainiya: pipto, ina faɗuwa, pesoumai, zan faɗi, epeson, na faɗi, peptoka, na riga na faɗi, ga ni a ƙasa. Bai kamata in yi mamaki ba. Baƙon da ya ji Bahaushe ya ce "ina zuwa" zai sha wuya kafin ya gane cewa zo da je duk a wannan zuwan suke fakewa.

Pesonta ba cikakken aikatau ba ne mai tsayawa da ƙafarsa. Aikatau ne da ya sa rigar sifa, ɗan'uwan abin da ake kira ismul fa'ili a makarantar ilimi. Tunda sifa ce, dole ta bi jinsi da adadin sunan da take siffantawa, kuma wannan ya warware mini ƙulli na farko cikin minti ɗaya. Astrape mace ce a Helenanci. Da ita ce mai faɗuwar, da Luka ya rubuta pesousan. Ya rubuta pesonta, namiji, tilo, karɓau, daidai da ton Satanan. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Hausa ma haka take yi ba da wani ƙoƙari ba. Walƙiya mace ce a wurinmu, Shaiɗan namiji. In muka ce "ya faɗo", ko yaro ya san ba walƙiya ake nufi ba. Turanci ba ya iya nuna wannan a jikin aikatau.

Sai babbar maganar, wadda na dogara da ita a gaban jama'a. Pesonta yana cikin sigar da ake kira awuris, daga kalmar da ke nufin marar iyaka. Abin da na haddace a Jos shi ne, irin wannan sifa in tana awuris, aikinta ya riga na babban aikatau faruwa. Da wannan na gina wa'azina: ya riga ya faɗi, daga baya aka gani, saboda haka tun fil'azal ne. Na koma littafin koyon da muka yi amfani da shi, na sami dokar tana nan, amma da wata 'yar kalma a gabanta wadda ta zube mini a hanya cikin shekarun nan: galibi.

Hanyar da na sani ta gwada doka ita ce in bi marubucin gida-gida. Luka ne ya rubuta Ayyukan Manzanni, don haka na shiga neman wuraren da ya haɗa aikatau na gani da irin wannan sifa. Dare na uku na ci karo da Ayyukan Manzanni 9:12. Ubangiji yana magana da Hananiya a Dimashƙu, yana gaya masa cewa Shawulu ya ga, cikin wahayi, wani mutum mai suna Hananiya ya shigo, ya ɗora masa hannu don ya sami gani. Ya shigo, eiselthonta. Ya ɗora, epithenta. Duka biyu awuris ne, kamar pesonta. Amma a lokacin da ake wannan magana Hananiya ko takalmi bai sa ba. A aya 13 da 14 gardama ma yake yi, yana cewa ya ji labarin mutumin nan. An ga shigar da ba a yi ba tukuna, kuma aka faɗe ta da sigar da na rantse tana nufin abin da ya wuce. A 10:3 kuma Karniliyus ya ga mala'ika ya shigo wurinsa, eiselthonta ɗin dai, can kuwa shigar da ganin tare suka faru. Siga ɗaya, lokuta daban-daban.

Da na sake duba jikin kalmar sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Helenanci yana da ɗafa-goshi, wasalin e, wanda yake nuna cewa aiki ya shuɗe. Yana nan a epesen, ya faɗi. Yana nan a etheoroun. A pesonta babu shi. Kalmar ba ta ɗauke da tambarin lokaci ko kaɗan. Abin da take ɗauke da shi shi ne yadda aka kalli aikin: a dunƙule, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, tashi ɗaya.

Na fi gane wannan da na jera ta da 'yan'uwanta biyu, kuma an yi sa'a duka ukun suna tare da "daga sama". A Markus 13:25 taurari za su riƙa faɗowa daga sama, piptontes, siga mai ci, ana cikin yi, ɗaya bayan ɗaya. A Wahayi 9:1 Yahaya ya ga tauraro peptokota daga sama zuwa ƙasa, siga kammalalliya: faɗaɗɗe ne, bai ga gangarowarsa ba, a ƙasa ya tarar da shi. Wannan ita ce leƙa rijiyar Baba, sak. Luka yana da waɗannan sigogi biyu a hannunsa, ya san su sarai. A Ayyukan Manzanni 10:11 ya yi amfani da su a jimla ɗaya, inda Bitrus yake ganin sama a buɗe, wani abu kuma yana saukowa. Amma a nan bai ce piptonta ba, bai ce peptokota ba. Ya ɗauki ta tsakiya. Ba "yana faɗowa" ba, ba "faɗaɗɗe" ba. "Ya faɗo."

Masu fassara sun sha fama da wannan tun da daɗewa. Jerom, da ya gyara Linjila ta Latin wajen shekara ta 383, ya sa cadentem, yana faɗowa, kuma ba laifinsa ba ne, Latin ba shi da siga mai kama da pesonta. Gyararriyar fassarar Turanci ta 1881 ta karkata ɗaya ɓangaren, ta mai da shi faɗaɗɗe. James Hope Moulton, a littafinsa na nahawun Sabon Alkawari na 1906, ya tsaya a kan wannan aya, ya ce ma'anar ita ce an kalli faɗuwar har ta kammala, kuma da an yi amfani da siga mai ci, da maganar ta yi rauni, kamar an bar ƙofar cewa mai faɗuwar zai iya cafke wani reshe. Ya haɗa ta da kirarin Wahayi 18:2, epesen epesen, ta faɗi, ta faɗi, Babila babba. Na ji daɗin wannan, sai dai na ja wa kaina kunne. Mu masu wa'azi muna da wata cuta ta cewa awuris yana nufin sau ɗaya tak har abada. Ba haka ba ne. Bahaushe yana cewa "na yi noma shekara arba'in", ya dunƙule damina arba'in cikin "na yi", kuma ba wanda zai ce sau ɗaya ya riƙe fartanya.

Laraba ta zagayo. Baba ya kalle ni, na ce da sauran aiki. Ya gyaɗa kai.

Mako na biyu na koma kan kalmar farko, ina zaton hutu zan yi. Etheoroun daga theoreo ne, ya fi kusa da kallo a kan gani, ko da yake a Helenancin zamanin Sabon Alkawari sau da yawa gani kawai yake nufi. Sigarsa shuɗaɗɗiya ce mai ci: aiki ne da ya ɗauki lokaci a baya. Amma da na rubuta jerin ɗafa-ƙeyar wannan siga sai gabana ya faɗi. Ƙarshen da ke nuna "ni" da wanda ke nuna "su" iri ɗaya ne. Etheoroun yana iya zama ina kallo, yana iya zama suna kallo. Luka kuma bai sa wakilin suna ba.

Su wa? A aya 17 an ambaci aljanu. Wani masani, Julian Hills, ya rubuta maƙala a 1992 yana cewa su ne masu kallon: aljanu sun yi muku biyayya ne don sun ga shugabansu ya faɗi. Da farko na yi tsaki. Daga baya na buɗe Markus 3:11, sai ga etheoroun ɗin nan harafi da harafi, kuma masu kallon ƙazaman ruhohi ne, duk sa'ad da suka ga Yesu sai su faɗi a gabansa. A Markus 15:47 mata biyu ne suke kallon inda aka sa gawarsa, a Yahaya 6:2 taro ne. Duka ukun jam'i. Tsakina ya koma ciki.

Kwana biyu ina jujjuya abin. A ƙarshe ban bi Hills ba, kuma ga dalilina. Helenanci yana da wata al'ada, sunan da ba namiji ba ba mace ba in yana jam'i yakan ɗauki aikatau tilo, kusan yadda Larabci ke mai da jam'in marasa hankali mace tilo. Aljanu irin wannan suna ne. A aya 17 Luka ya ba su aikatau tilo, hypotassetai, a aya 20 ma haka. Da wuya ya tsallake zuwa jam'i a tsakiya ba tare da ya sake kiran sunansu ba. Ba doka ce marar tsaga ba, don a 8:33 ya ba aljanu aikatau jam'i lokacin da suka shiga aladu. Amma aya 19 ta buɗe da "ga shi, na ba ku iko", bakin mai magana ɗaya ne. Jerom kuma, wanda ya yi rayuwa cikin masu jin Helenanci, ya sa videbam, ina kallo, a Latin da ba ya rikita ni da su. Na tsaya a kan "ni". Sai dai yanzu na san zaɓa na yi, ba kalmar ce ta tilasta mini ba.

Saura yadda zan haɗa biyun a bakin Bahaushe. "Na ga" ya gajarta kallon. "Na kasance ina kallon Shaiɗan yana faɗowa" kuwa Hausar takarda ce, kuma ta ɓata pesonta. Na cika shafi da gwaji ina sokewa.

Ran Asabar aka wuni ana ruwa, irin mai jiƙa ginin ƙasa har zuciya. Wajen la'asar muka ji rugum daga waje. 'Yata ƙarama, mai shekara tara, ta shigo a guje, jikinta sharkaf.

"Baba! Baba! Katangar maƙwabta! Wallahi ina kallo ta faɗi!"

Muka fita, ba wanda ya ji ciwo, sai kaji da suka watse. Ina taya su janye ƙasa daga bakin hanya amma hankalina yana kan abin da yarinyar ta ce. Ina kallo, ta faɗi. Kallon mai tsawo ne, tana tsaye a zaure tun ɗazu. Faɗuwar kuwa a dunƙule. Ba ta ce "tana faɗuwa" ba, ba ta ce "na tarar ta faɗi" ba. Kuma "ina kallo" ɗinta ba ya nufin yanzu. Mun san ya wuce don labari take bayarwa. Abin da na kwana goma ina nema a ƙamus da littattafan Turanci, ga shi a bakin 'yar aji huɗu. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Na koma ɗaki da taɓo a ƙafa na rubuta a ƙarƙashin kalmomin tara: Ina kallo, Shaiɗan ya faɗo.

Daga nan ne kalmomi bakwai ɗin da na raina suka fara ramawa. Na karanta wa uwargida abin da na rubuta, da "kamar walƙiya" a ƙarshe, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai ban taɓa jin walƙiya ta faɗo ba. Walƙiya haskawa take yi. Tsawa ce ke faɗowa, ko aradu." Gaskiyarta. Na duba, Helenawa ma sun raba su uku kamar mu: astrape hasken, bronte rugugin, keraunos wadda ke sauka ta tsaga itace. Na so in sa aradu, don ta fi tsoratarwa a kan mumbari. Amma Luka astrape ya ce. Kalmar sau tara ta fito a Sabon Alkawari, uku a Luka. A 17:24 walƙiya ce mai haskawa daga wannan gefen sama zuwa wancan, a 11:36 ma hasken fitila ne kawai. Ba ɓarna ake kwatantawa ba, sauri ne da bayyana: kafin ka ƙifta ido an gama, kuma duk wanda ke waje ya gani. Na bar walƙiya a wurinta.

"Daga sama" ita ma ba ta zauna lafiya ba. A Helenancin tana tsakanin walƙiya da faɗuwa, tana iya jingina da kowacce. Ko dai ya faɗo daga sama kamar walƙiya, ko ya faɗi kamar walƙiyar da ke fitowa daga sama. In ta biyun ce, ayar ba ta ce daga ina ya faɗo ba. Ouranos kuma kamar samanmu yake, yana nufin inda hadari ke haɗuwa, yana nufin mazaunin Allah. A ƙasan shafin Nestle-Aland na ga wasu tsofaffin kwafe-kwafe sun sauya jerin kalmomin, alamar masu kwafa ma sun ji wannan santsi. Na jingina ta da faɗuwar, don kunnen da ya saba da Tsohon Alkawari na Helenanci ya san "faɗuwa daga sama" a haɗe. Ishaya 14:12 yana cewa exepesen ek tou ouranou, tauraron asuba ya faɗo daga sama, habaici ne ga sarkin Babila kamar yadda aya 4 ta bayyana. Kuma ayoyi uku kacal kafin tamu, a 10:15, Yesu ya yi wa Kafarnahum magana da harshen wannan sura: za a ɗaukaka ki har sama? Har Hades, wato lahira, za ki gangara.

Akwai inda Hausa ta fi Helenanci surutu, dole in faɗa. Wasalin o na faɗo yana jawo aiki zuwa wajen mai magana, kamar kawo da sayo da komo. Da muka ce ya faɗo, mun tsayar da mai kallon a ƙasa, tare da mu. Pesonta bai faɗi inda mai kallo yake ba, bai ma faɗi inda aka sauka ba, saɓanin tauraron Wahayi da aka ce zuwa ƙasa. Wanda ya ɗauka cewa daga sama aka yi kallon, kafin halitta, sai ya ce "ya faɗi" ko "ya faɗa ƙasa". Harshenmu ba ya barin mu mu yi shiru a nan. Na riƙe faɗo, don haka kowa ke cewa ko daga kan mangwaro ne, amma na sa masa alama da jan biro.

Abin da ya rage shi ne yaushe, kuma na gane takardata ba za ta ba ni ba. Na kira tsohon malamina. Ya yi ritaya, kunnensa ya yi nauyi, sai da na fita tsakar gida ina ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, Luka 10:18 ce ta hana ni barci."

Ya yi dariya har da tari. "Kai ma ta kama ka? Me ka samu?"

Na zayyana masa. Ya ce in buɗe Daniyel sura 7 a Helenanci kafin in yanke hukunci. Na buɗe muna kan waya. Etheoroun, etheoroun, etheoroun, tun daga aya 2 har zuwa 13, inda Daniyel yake kallo cikin wahayin dare sai ga wani kamar ɗan mutum tafe da gizagizai. A can kalmar "ni" ce ba shakka, kuma bakin mai wahayi ce, mai ganin abin da bai zo ba tukuna.

"To ka gani," in ji shi. "Orijen, malamin Kirista na dā, tun ƙarni na 3, ya haɗa ayar da Ishaya 14, ya ce faɗuwar farko ce. Ba wauta ka yi wa'azi ba, kana da manya a bayanka. Wasu sun ce lokacin da almajiran ke yawo ne. Wasu sun ce wahayi ne na abin da ke gaba, su kawo maka Yahaya 12:31 da Wahayi 12:9. Laifinka ɗaya, ka ce nahawu ya yanke. Bai yanke ba."

"Ranka ya daɗe, kai wanne ka ɗauka?"

"Katinka zai ƙare. Je ka karanta Luka sura 22."

Na karanta. A aya 3 Shaiɗan ya shiga Yahuza. A aya 31 ya nemi izini ya sheƙe almajiran kamar alkama, irin neman izinin da ya yi a kan Ayuba. Wanda ya faɗi a sura 10 yana nan yana aiki a sura 22, har a Ayyukan Manzanni 5:3 ma. Wannan ya sa na kasa sakin fassarar wahayi gaba ɗaya. Amma in an matsa mini, na fi karkata ga ta tsakiya. Mutane sun dawo daga aike suna ba da rahoto, ya amsa musu da siga mai ci, kamar mai cewa: kuna can kuna fama ƙauye-ƙauye, ni ina nan ina kallo. Abin da suka gani guntu-guntu, aljani ɗaya a nan, ɗaya a can, shi ya gan shi a dunƙule. Ko almajiran da aka aika saba'in ne ko saba'in da biyu, wannan ma tsofaffin kwafe-kwafen sun rabu, amma ban bi wannan ramin ba.

Laraba ta uku ruwa ya ɗauke, ɗakin ya cika, faston ma ya dawo yana zaune a gefe. Na fara da janye maganata: na ce ranar nan na gaya muku nahawun Helenanci ya tabbatar da lokacin faɗuwar, ba haka ba ne, ku yafe ni. Na rubuta jimloli uku a allon makarantar Lahadi. Na ga yana faɗowa. Na tarar ya faɗo. Ina kallo, ya faɗo. Na ce Helenanci yana da ukun duka, kuma Luka ta ukun ya rubuta. Na ba su labarin katanga, 'yata ta ɓoye fuska a zanen uwarta.

Wata daga zumuntar mata ta tambaya ko faɗowa ya yi da kansa ko jefo shi aka yi. Na ce a Wahayi 12:9 an ce jefo shi aka yi, eblethe, amma Luka bai ambaci hannun kowa ba, ko da yake Helenawa sukan ce mutum ya faɗi alhali tunkuɗe shi aka yi, kamar yadda mukan ce gwamnati ta faɗi.

Baba bai ce komai ba sai da aka lafa. Ya daɗe yana duban allon, yana bin layi na uku da bakin sandarsa daga nesa, leɓɓansa suna motsi.

"Wato bai leƙa rijiya ba."

"Bai leƙa ba, Baba."

"Yana wurin ke nan." Ya ajiye sandar a kan cinyarsa. "To, ci gaba. Karanta mana ta macizai da kunamai, ni jiya ma na kashe ɗaya a kunyar gyaɗa."